Ganyen da Peni Ya Tsinke

Kaka Fuatino na zaune a rumfa tana kankare kwakwa, jikarta Lanuola na feraye gwaza, sai idon tsohuwar ya sauka kan bishiyar maganin nan, matalafi, da ke gefen kabarin mijinta a tsakar gida. An tsinke ta tas, ba ganye ko ɗaya!

"Wayyo Allah! Wane mara mutuncin ne?"

Lanuola ta sunkuyar da kai. Aikin saurayinta ne, Peni, haifaffen birnin Auckland can ƙasar waje, malamin kimiyya da ke tara yaran ƙauye duk Asabar yana koya musu yadda magani ke aiki a jiki.

"Kaka, firaktikal ya yi wa ɗalibansa, wai ganyen yana sauke kumburi, shi ne—"

"Firak-me? Da hannuna na dasa ta ranar da aka binne kakanki! Ki gaya masa auren nan babu shi!"

Lanuola ta sha kuka har muryarta ta dishe. Peni ya kira ta a waya. "Haba, sori mana! Ganye ne fa, zai sake tohowa."

"Ganye?" in ji Lanuola. "Kai ban da boko ba abin da ka sani. Ba da sori ake ba da haƙuri a nan ba!"

Washegari da sassafe sai ga Peni durƙushe a ƙofar gida, lulluɓe da tabarmar ban-haƙuri irin ta al'adar ƙauyen, wadda ba a motsi a ƙarƙashinta sai masu gida sun yaye. Rana ta take. Kaka ta ci abincinta, ta sha barcinta. Kai, tsohuwar nan akwai taurin kai! Tausayi kamar ya kashe Lanuola.

Da yamma Kaka ta leƙo, ta ga ɗalibansa zube a bayansa cikin zufa.

"Ku kuma fa?"

"Kaka, ki yafe masa," in ji wata daga cikinsu tana hawaye. "Kaf duniya shi kaɗai ya taɓa ce mana za mu iya zama likitoci."

Jikin tsohuwar ya yi sanyi. Ta taka a hankali, ta yaye tabarmar.

"Tashi, ɗan nema. Asabar ni zan zo ajin da kaina, in nuna muku yadda ake tsinkar ganye ba a kashe uwar ba."

Haka abin yake: in mai laifi ya sauke girman kai, mai ƙauna ta yi haƙuri, ko zuciyar da ta bushe sai ta yi laushi. Ranar da aka ɗaura aurensu a coci, bishiyar kakan ta riga ta toho.