Duwatsun Murhun Iya Lantana

Ku matso kusa. Kai Tanimu, bar wannan dariyar, labarin kakarmu Iya Lantana ne.

Zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa, ayarinsu ya sauka a Sawakin, tsohon garin bakin teku, suna jiran jirgin ruwa. Ganuwar garin ba ta jar ƙasa ba ce irin tamu. Da farin dutsen teku aka gina ta, saboda maharan da ke zuwa ta ruwa. Iya ta rasa duwatsun murhu, sai ta zare uku daga gindin ganuwar, ta ɗora tukunya.

Kafin isha jaririnta ya ƙi kama nono. Jikinsa ya yi sanyi ƙalau, ruwan gishiri na fita ta hancinsa.

Wata tsohuwa 'yar garin ta dubi murhun, ta dafe kai. "Yarinya, mayar wa masu ganuwar duwatsunsu kafin asuba, ko a haƙa kabari."

Mijin Iya ya riga ya tafi neman jirgi. Ta goya yaron, ta kwashi duwatsun da zafinsu, ta fita ita kaɗai.

A bakin ramin da ta bari a ganuwar ta tarar da wani dogo riƙe da mashi. Ta yi sallama. Ta dubi ƙasa. Wayyo! Dugadugansa ne a gaba, ruwa na tsiyaya daga rigarsa.

"Ta nan maharan suke shigowa," in ji shi, muryar kamar daga cikin rijiya. "Toshe."

Ta saka na farko. Ta saka na biyu. Na ukun wuta ta riga ta cinye shi, ya ruguje a hannunta.

"Baba, don Allah ka ɗauke ni, ka bar mini shi!"

"Toshe. Ko da dutse, ko da yaron."

Ta lalube ko'ina, babu dutse. Numfashin yaron ya fara ɗaukewa. Ta durƙusa tana kuka, ta tara ƙasa, ta tatsi nononta a kai, ta kwaɓa, ta mulmula tubali irin na gida, ta cusa. Dogon ya kama hannunta ya danne tubalin da shi. Sai yaron ya tsala ihu a bayanta.

Yaron nan shi ne mahaifinka, Tanimu. Hannun kuwa shi ne wanda take naɗewa da tsumma har ta rasu. Na taɓa shi sau ɗaya, wallahi kamar gindin randa.

Don haka kada in ji waninku ya bi gindin ganuwa shi kaɗai. Ko tsakuwa kada ku ɗauko.