Numfashin da Aka Yanke

"Ki haƙura da ni. Ki bi maganar Baba. Ki manta da ni, Kunnuwa."

Auta ta zare abin sauraro daga kanta, ta ajiye shi kan tebur. Bangon ɗakin naɗar murya duk soso ne, ƙarar waje ba ta shigowa. Bugun zuciyarta kaɗai take ji, kuma wallahi tsoro yake ba ta.

Aikinta ke nan a jami'a, nazarin yadda murya ke hawa da sauka a harsuna iri-iri. Ko ba ta jin yaren, za ta gaya maka wannan tambaya yake yi, wancan faɗa, wancan kuwa lallashi. Shi ya sa Mai Labarai ya laƙaba mata Kunnuwa, tun ranar da ya zo daga gidan rediyo aka naɗi muryarsa don bincike, ya tashi tafiya ya haɗa da zuciyarta.

Sai hatsarin mota ya gifta. Ya tashi, alhamdulillahi, hankalinsa garau, kalmominsa daidai. Amma daɗin muryar ya tafi. Murna da baƙin ciki duk iri ɗaya suke fitowa, kamar mai karanta takardar magani. Aikin rediyo ya ƙare, Baba kuma, mahaifinta, ya ce a fasa auren da suke shirin yi.

"Mutumin da ba za ki bambance fushinsa da farin cikinsa ba, yaya za ki zauna da shi?"

Ta kafe, ta sha kuka, ta sha faɗa. Yau kuma ga saƙon murya daga Mai Labarai kansa, ga labari yayansa na ɗaure kaya, da la'asar za su bar garin. Da ta ga saƙon kasa buɗewa ta yi. Ta miƙa wa Dogo wayar, abokin aikinta, ya ɗora a kwamfuta.

Dogon nan kuwa, tun da aka yi hatsarin ƙafarsa ba ta ɗauke daga gaida Baba ba.

"Dubi allon," in ji shi a hankali. Layin muryar a miƙe yake kamar igiyar shanya. "Babu komai a ciki."

"Ciwon ne ya miƙar da shi, ka sani..."

"To, ke me kika ji? Ya gaji, Auta. Ki bar bawan Allah ya tafi. Akwai masu jira."

Idan da gaske yake, ba ta da ikon riƙe shi. Idan kuwa ba da gaske ba ne, za ta rasa shi saboda ta kasa ji, ita da ake kira Kunnuwa. Ta mai da abin sauraron, ta sake kunnawa. Maganar ta zubo a jere, ba tsayawa.

Ta ɗago kai.

"Ina numfashinsa?"

"Me?"

"Ɗan Adam ba ya magana haka. A ina ya ja numfashi?"

"Na yanke shirun, kamar kullum. Ai ƙa'ida ce."

Ƙa'ida ce, ba ƙarya. Kafin su auna murya sukan datse duk inda aka yi shiru, don na'urar sauti kawai take aunawa. Amma ita da bakinta take koya wa ɗalibai cewa ba kowane harshe ke ɗora nauyin magana a kan tashin murya ba. Wani a jan kalma yake sa shi, wani a ɗan tsayawa. Kai, tsoro bai yi ba, ya mantar da ita karatunta.

"Ba ni wayata."

"Ciwo kawai zai ƙara miki..."

Muryarsa ta ɗan haura a ƙarshe, ta yi siriri. Nan ta gane ya riga ya saurari na ainihin, kuma shi ma tsoro yake ji. Ta fizge wayar ta kara a kunne.

"Ki haƙura da ni. Ki bi maganar Baba. Ki manta da ni..."

Shiru.

Shiru mai tsawo, da numfashi mai sarƙewa, da ƙarar haɗiyar yawu. Sannan, da ƙyar:

"...Kunnuwa."

Tun yana lafiya haka yake, sai ya ɗan tsaya kafin ya kira ta, har tana tsokanarsa wai sunan nauyi yake masa. Ciwo ya cinye komai, bai taɓa wannan ba.

Ba ta ko kalli Dogo ba, ta fice. A hanya addu'a take, duk motar da ta wuce sai ta leƙa ko su ne.

Ta same su a ƙofar gida, akwatuna a bayan mota, yayansa na ɗaure igiya. Shi kuwa yana tsaye da sandarsa, ya rame, idonsa a ƙasa.

"Ba ki ji saƙona ba?" ya ce, muryar a shimfiɗe.

"Na ji. Sake faɗa, a gabana."

"Kada ki wahalar da kanki."

"Masoyina, ina jin tsoro. Ka faɗa kawai. In har ka kai ƙarshe ba ka tsaya ba, na rantse zan juya."

Ya ɗago ido.

"Ki manta da ni..."

Leɓensa ya motsa. Ƙirjinsa ya ɗaga, ya sauka. Sunan ya ƙi fitowa.

Hawaye suka ɓalle mata, tana dariya a ciki.

"Na ji."

"Ban ce komai ba."

"Shi na ji."

Ya daɗe yana kallonta.

"Baba fa?"

"Ya ce ba zan taɓa gane ka ba. Tare za mu je, in gaya masa na gane. Har yanzu tsoronsa nake ji, sai ka tsaya kusa da ni."

Yayansa ya dube shi, ya dube ta, ya girgiza kai.

"Ku dai kun iya wahalar da mutum," ya ce, ya fara kwance igiyar.