Motar Mama

Ranar da wata budurwa ta fara shigowa garejin wani bakanike, da igiya aka janyo motarta. Ƙarama ce shuɗiya, shekararta ashirin da biyar, kujeru duk sun yage.

"Ta mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta," ta ce. "Baba na so a kai wa 'yan gwangwan."

Bakaniken ya ɗaga bonet, amma hankalinsa ba ya kan injin. Kafin wata ya ƙare yana ce mata Direba, tana ce masa Injiniya.

Babanta ne shugaban ƙungiyar masu tara tsofaffin motoci. A wurinsa, motar da ba ta cika shekara hamsin ba tarkace ce. Da Injiniya ya je gaishe shi, ko kujera bai nuna masa ba.

"Kai ne mai cewa gwangwanin nan abin tarihi ne? Ba ka san darajar mota ba, ina za ka san ta 'yata? Ɗan abokina, dillalin motoci, ya riga ka."

Wata safiya ta leƙa garejin, babu motar. Dillalin ya rantse mata Injiniya ya sayar da motar. Ta rubuta wa Injiniya saƙo:

"Ashe kai ma tarkace ka ɗauke ta. Kar ka sake kirana."

Ya maido amsa: "Direbata, zo filin baje kolin ƙungiyar Baba da ƙarfe goma. In ƙarya nake, kar ki yafe min."

Ta sami motar a ƙarshen layi tana sheƙi, Baba na tsaye a gabanta fuska a murtuke.

"A fitar min da ita."

"Baba, ba lambar yabo nake nema ba," in ji Injiniya. "Ku tayar da ita sau ɗaya."

Baba ya daɗe yana kallon makullin kafin ya murɗa. Injin ya amsa. Ya sunkuyar da kai kan sitiyari.

"Da wannan ƙarar nake sanin mamanki ta dawo daga aiki," ya ce a hankali. "Ganin motar a gida ne na kasa jurewa."

Ya fito yana goge ido.

"Doka tana nan, shekara hamsin. Ka dawo da ita nan da shekara ashirin da biyar, kai da matarka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba ya riƙe hannayensu ya ce, "Allah ya sa ku tsufa tare."