Kujerar Baya

Saura ƙiris ta fasa rubuta saƙon. Sau uku tana rubutawa tana gogewa, don karatunta a firamare ya tsaya, kuma ko a baki magana nauyi take mata. A kamfanin sayar da motocin da take aikin goge-goge ma Shiru-shiru suke kiranta.

Sun haɗu da wanda take rubuta wa ne ranar da aka kawo wata sabuwar mota. Doguwa ce, baƙa wuluk, mai ƙofa huɗu, sai da aka fitar da ƙananan motoci biyu kafin ta samu wurin tsayawa. Tana durƙushe tana goge ƙofar sai ta ga fuskar mutum a jikin fentin, yana murmushi. Sabon ma'aikaci ne da aka ɗauka musamman don sayar da motar, ga tarin makullai a ƙugunsa.

"Sannu da aiki," ya ce. "Kin mai da ita madubi. Har na ga wuyan rigata ya karkace."

Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da goge wurin da ta riga ta goge. Daga ranar yake ce mata Madubi, ita kuma a wayarta ta sa masa Mai Makulli.

Wata biyu motar na tsaye babu mai saye. Mutane suna zuwa, ya buɗe musu bonet, ya yi ta bayanin inji da gudu, su gyaɗa kai su tafi. Manaja ya ce yanzu ƙananan motoci ake yayi, idan wata ya ƙare ba a sayar ba, za a mayar da ita, shi ma Mai Makulli ya kama gabansa. Tana share bakin ofis ta ji. Shi ya sa ta zauna rubuta masa saƙon. A karo na huɗu ta runtse ido ta tura:

"Sallama. Ka yi haƙuri da shisshigi. Ni ke goge motar kullum. Sitiyari ba ya datti. Duk shatin hannu a ƙofar baya yake, ƙasar takalmi ma a baya. Ina ganin masu son ta ba tuƙi suke so ba, zama suke so. Ka riƙa buɗe musu baya."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar:

"Madubina, wata biyu ina karanta littafin motar, ashe ke mutanen kike karantawa. Na gode. Gobe zan gwada."

Tun daga nan saƙo bai yanke ba, safe da yamma.

Wata safiya ta tsinci ɗan kunnen zinariya a kujerar baya. Mai karɓar baƙi, wadda ita ma idonta ke kan Mai Makulli, ta taɓe baki ta ce, "Ai jiya ya fita da wata a ciki. Har barci ta yi, don jin daɗi."

Kwana uku ba ta amsa saƙonsa ba. A na huɗu wani ɗan kasuwa ya shigo riƙe da hannun mahaifiyarsa, tsohuwa mai sanda, da ɗan kunne ɗaya a kunnenta.

"Ke kika tsince shi, 'yata? Allah ya yi miki albarka," in ji tsohuwar. Ta juya ga ɗanta. "Kai kuma, ni dai ban taɓa shiga motar da ba ta tayar mini da ciwon baya ba sai wannan."

Da suka fita Mai Makulli ya matso kusa da bokitinta.

"Wato saboda Hajiya mai shekara tamanin aka hana ni duba fuskata kwana uku?"

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya. "Ka yafe mini."

"Sai kin yarda na zo gida na gaida Baba."

A nan gizo ke saƙar. Ta san halin mahaifinta. Tsohon direba ne, shekara talatin yana tuƙa manyan mutane kafin idonsa ya raunana. Da ta gaya masa, ko kallonta bai yi ba.

"Mai sayar da mota? Na san su. Bakinsu ne jarinsu. Wanda zai yabi tsohuwar taya don ta shiga, me zai hana shi yaudarar 'yata? Ban yarda ba."

"Baba, ka je ka gan shi kawai," ta ce. Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

Bai ce zai je ba. Sai ga shi a kamfanin ranar Talata da hantsi, cikin koɗaɗɗiyar rigarsa. Ta hango shi daga ɗakin ajiyar kayan shara. Sauran ma'aikata suka dubi takalminsa suka kau da kai. Mai Makulli bai san ko wane ne ba, amma ya taso da sauri, ya gaishe shi, ya buɗe ƙofar baya.

"Bismillah, Baba, shiga ka ji."

Tsohon ya tsaya cak. "Ni wurina gaba ne, yaro."

"Yau dai baya."

Ya dafa gilashin ya shiga a hankali. Ya miƙe ƙafafunsa, ya jingina. Can ya gyara murya.

"Mene ne aibinta?"

"Tana shan mai, Baba. Kuma idan layinku matsattse ne, juya ta sai an sha wuya. Wanda zai tuƙa kansa kullum cikin cunkoso, ba zan ba shi shawarar saye ba."

"Wa ya koya maka buɗe wa mutane baya?"

Saurayin ya sosa ƙeya. "Wata yarinya ce a nan. Ta fi ni lura. Ita nake roƙon Allah ya ba ni, in mahaifinta ya amince."

Da yamma ta kai wa Baba ruwa. Ya sha, ya ajiye kofin.

"Shekara talatin ina buɗe wa mutane ƙofar nan," ya ce. "Yau aka buɗe mini. Ki ce masa ya turo manyansa."

Kafin wata ya ƙare ɗan kasuwar ya sayi motar, abokansa biyu suka ce a kawo musu irinta, manaja ya daina zancen sallama. Ranar ɗaurin aure Hajiya da kanta ta sa aka aiko musu da motar aro, kuma Baba ne a kujerar baya, yana ta sa musu albarka.

Washegari da sassafe amarya ta ɗauki bokiti da tsumma, don ta ce ba za a mayar wa mutane da mota da ƙura ba. Ta goge ko'ina har ta iso gilashin baya, sai ta ga shatin tafin hannun Baba, yatsu biyar cif. Ta daɗe tana kallonsa, tana gode wa Allah a ranta. Sannan ta ɗora tafinta a kai, ta kira mijinta ya zo ya gani kafin ta goge.