Ƙofar Gidan Suwena

A kan gadar gora Sekar ta tare ni da rigima, ni kuwa ko numfashina bai gama dawowa ba.

Ta gitta kekenta a hanya, ta ce babu inda za mu sai na yi mata alkawari. Na ce yarinya, ki bari in tabbatar ina raye tukuna. Shekarata hamsin da ɗaya, gwiwata ta hagu tana kuka kamar tsohon ƙyaure, tumbina kuma yakan riga ni isa duk inda za ni. Duk da haka sana'ata ke nan, in ja ayarin baƙi a kan kekuna mu gangara ta cikin gonakin shinkafa, su suna ɗaukar hoton agwagi, ni ina ƙoƙarin kada in faɗi a gabansu.

Amma ranar ba ta baƙi ba ce. Sha biyu ga Oktoba ce, ranar da mu uku muke bin hanyar nan duk shekara har bakin teku: ni, da Sekar, da mahaifiyarta Kerti, wadda ta riga ta yi gaba da kwandon furanni ɗaure a bayan kekenta.

"Baffa Rauh, kai kaɗai Kaka take bari ka kai ƙarshen magana. Ka je ka roƙe ta..."

"Tana bari in kai ƙarshe ne don ba ta saurare."

"Baffa, da gaske nake. Ina son Wira. In ba shi ba, ba kowa."

Na san maganar. Duk ƙauyen ya sani. Sekar ita kaɗai mahaifinta, marigayi Suwena, ya bari, Suwena kuma shi kaɗai kakar tata, Inna Rinten, ta haifa. Gida ba ya zama babu magajin da zai kunna wa kakanni turare a ɗakinsu na tsakar gida, ya kai tokar tsofaffi teku idan sun rasu an ƙona gawarsu bisa al'adarmu. Inda babu namiji, 'ya mace ce take tsayawa, ta nemo mijin da zai bar gidan ubansa ya tare a nata. Shi kuwa Wira, malamin makarantar nan da Sekar ta kwaso daga garin Singaraja can arewa, shi ma shi kaɗai ne namiji a gidansu. Uwarsa ta ce sai dai a tsallaka gawarta. Inna Rinten ta aika mata cewa ita ma tana da gawa.

Na ce da Sekar zan yi tunani. Ta janye keken, ta share ido da gefen hannu, ta wuce.

Abin da ban faɗa mata ba shi ne, abin da take roƙo, daga bakina take so a cire shi.

Ni da Suwena tasi ɗaya muke tuƙawa, yau ni gobe shi. Asabar ɗin da bam ya tashi a garin Kuta, sha biyu ga Oktoba, ni ne da fita aiki. Ina ma a ce wani babban dalili ne ya hana ni fita. Haƙori ne yake mini ciwo. Ya zo ya same ni da kunci a kumbure, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya karɓi mukulli ya tafi. Yana layin masu jiran fasinja abin ya faru. Ba a samu abin da za a ƙona ba, sai gunkin itace aka sassaƙa aka ƙona a madadinsa. Kerti tana da ciki wata bakwai.

Tun ranar ban sake taɓa sitiyari ba. Haƙorin kuwa yana nan a bakina, lafiyarsa ƙalau, da shi nake tauna gyaɗa.

Da farko rufin gidan su Kerti nake zuwa gyarawa. Daga baya na lura ina gyara wuraren da ba sa yoyo. A shekara ta biyar, a bakin tekun nan, na tattara ɗan ƙarfin halin da nake da shi na faɗa wa Kerti ina son aurenta. Ba ta yi fushi ba. Ta tuna mini abin da na sani: matar da mijinta ya rasu in ta sake aure, da zanen jikinta kaɗai take fita, ɗa kuwa na gidan ubansa ne.

"Ba zan bar Sekar ba, Yaya Rauh," in ji ta. "Ranar da ta kawo miji gida, ka zo ka ɗauke ni, ko da sanda nake dogarawa."

Shekara goma sha bakwai ke nan. Na gina mata ɗaki a bayan gidanmu, tagarsa tana kallon dutse. Sau uku ina sake masa fenti. Yanzu kajin yayana ne suke ƙwai a ciki.

To in Sekar ta bi Wira arewa, babu mijin da zai shigo. Kerti za ta zauna da tsohuwa da turare da kakannin da ba nata ba, har ranar da za a fitar da ita a kan kafaɗu.

Muka gangara ta bakin magudanar ruwa, muka ratsa gonar kwakwa, muka wuce karnukan nan da suka san ni shekara ashirin amma har yau ba su yarda da ni ba. A bakin teku muka jingine kekuna. Can Kuta ana taro duk shekara, manya su yi jawabi, a jera furanni. Kerti sau ɗaya ta taɓa zuwa, ta ce masu hoto sun fi masu kuka yawa. Nan take zuwa, inda aka zuba tokar gunkin.

Ta durƙusa a kan baƙin yashi, ta jera ƙananan faya-fayan ganyen kwakwa da ta saƙa, kowanne da fure da tsinken turare. Ba na Suwena kaɗai ba. Akwai na direban da yake bayansa a layi, da na yarinyar da take sayar da sigari a bakin titin, da wani guda da takan ce na baƙin da iyayensu suke nesa ne. Ta kira sunayen da ta sani ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ba Suwena labarin shekara kamar yadda ta saba: an sayar da saniya, ƙafar Inna ta kumbura, Sekar ta gama karatu. Ba ta ambaci Wira ba.

Da Sekar ta matsa can gefe tana wasa da ruwa da ƙafa, Kerti ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ta faɗa maka."

"Ta faɗa. Me kike so in ce wa tsohuwa, abar ƙaunata?"

Kalmar nan sau ɗaya nake fito da ita a shekara, kamar rigar biki.

"Kada ka tambaye ni, Yaya... In na ce ta zauna, na ɗaure 'yata da igiyar da aka ɗaure ni. In na ce ta tafi..."

Igiyar ruwa ta zo ta kwashe faya-fayan, ta bar guda ɗaya, ta dawo ta ɗauka.

Hanyar komawa hawa ce. Na tura keken da hannu fiye da rabi, na ce musu sarƙa ce take ba ni matsala.

Washegari da hantsi na samu Inna Rinten a rumfar tsakar gida tana tsaga ganyen kwakwa da 'yar wuƙarta. Shekara tamanin da wani abu, amma hannun ba ya rawa. Na gaishe ta. Ta amsa wa ganyen.

"Mai Haƙori ne. Rufin bai yi yoyo ba."

Haka take kirana tun shekarar. Na zauna ƙasa, na yi jawabin da na shirya. Na ce zamani ya canza, na ce yaron mutumin kirki ne, na ce Singaraja ba wata uwa duniya ba ce, awa uku ce a mota. Ta bar ni na kai ƙarshe, kamar kullum.

"Ka gama? Ka ɗauki ɗana ka ba wuta. Yanzu ka zo ka ɗauki jikata ka ba mutanen arewa. To wa zai kunna wa Suwena turare in na mutu? Wa zai kai tokata teku? Kai?"

Ba'a take yi. Na san ba'a take yi. Amma bakina, wanda bai taɓa yin abin kirki da sauri ba, sai ya riga ni.

"Ni, Inna."

Wuƙar ta tsaya.

Na ce ni ɗan tsakiya ne, gidanmu yana da yayana da 'ya'yansa maza uku, in na ɓace sai an zo rabon nama za a lura. Na ce ta karɓe ni a matsayin ɗa, in yi sallama da kakannina in shigo ƙarƙashin nata, in auri Kerti a cikin gidan, ita kuma ta saki yarinya.

Ta daɗe tana kallona. Ban taɓa sanin launin idonta ba sai ranar. Sai ta jera mini sharuɗɗa kamar mai lissafa kayan miya. A ɗakin Suwena zan kwana. Kowace safiya ni zan kai masa fure. In na mutu tokata tasu ce, ba ta ubana ba. In dattawan unguwa sun yarda, ita ta yarda.

Na fito ina jin kaina kamar wani jarumi. Na samu Kerti a bayan gida tana ba aladu abinci, na zayyana mata komai, ina jiran ta faɗo jikina. Har na gyara tsayuwa saboda gwiwar.

Ta ajiye bokitin a hankali.

"Shekara goma sha bakwai ina jiran ka fitar da ni daga gidan nan, Rauh. Kai kuma sai ka kwaso kayanka ka shigo."

Ba ta taɓa kiran sunana babu Yaya ba sai ranar.

Ta ce ko na san tun tana 'yar shekara ashirin da uku ba ta taɓa sa gishiri a miya yadda take so ba? Ta ce ta san yawan tubalin katangar nan. Ta ce duk daren da ta kasa barci ɗakin nan nawa take tunawa, mai taga wajen dutse, tana shirya inda za ta sa gado. Ni da na zo da labarin nasara sai na tsaya ina kallon aladu, su ma suna kallona.

"Zan koma in ce mata wasa nake," na ce.

"Ka koma ka ce wa Sekar ke nan."

Daga cikin gida muna jin Sekar tana waya, tana dariya ƙasa-ƙasa. Tsohuwa ta riga ta kira ta ta faɗa mata. Kerti ta saurara, hawaye suna bin kuncinta ba ta share ba. Can ta ɗauki bokitin, ta miƙo mini.

"Riƙe, amarya. Gara ka fara koyo."

Dattawa sun yi zama uku kafin wani tsoho ya tuna an taɓa yin haka a zamanin kakansa. Abokaina masu kekuna kuwa ba su yi zama ko ɗaya ba. Ɗaya ya tambaya ko zan sa fure a kunne, ɗaya ya ce in an dake ni in gudo gida. Na yi ta dariya tare da su har ranar da na durƙusa a ɗakin kakanninmu don yin sallama. Na buɗe baki in ce wa mahaifina na tafi, sai murya ta ƙi. Yayana ne ya dafa kafaɗata ya faɗa a madadina.

Mako ɗaya tsakanin bikina da na Sekar. Ni aka fara rakowa, da laima da kiɗa, sanƙona yana ƙyalli. Sannan mutanen Singaraja suka zo da motoci huɗu. A bakin ƙofa Sekar ta rungume ni tana kuka, tana ta cewa Baffa na gode, Baffa na gode. Kerti ta raka ta har dokin ƙofar, ta tsaya nan, ƙafa ɗaya a waje. Sai da ƙurar motocin ta kwanta ta mayar da ƙafar ciki.

Da safe na kai furen, na kunna turaren, na ce wa Suwena ga ni, kuma ya yi haƙuri da batun gado. Na dawo kicin na samu Kerti tana haɗa kofi. Ta zuba mini, ta zauna kusa da ni har kafaɗarmu tana taɓawa. Ban taɓa shan kofi mai daɗinsa ba, ko da yake ta manta sukari.

Sai muryar tsohuwa ta taso daga ɗakinta.

"Suwena... Zo ka ɗaga ni, ƙafar nan ta ƙi."

Kerti ta riƙe hannuna da ƙarfi.

"Kada ka amsa," ta ce a hankali. "In ka amsa yau, shi ke nan."

"Suwena?"

Wannan karon muryar ta yi ƙanƙanta, kamar ta yaron da ya farka bai ga kowa ba. Na dubi Kerti. Ta rufe ido, ta saki hannuna yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Na'am, Inna," na ce. "Ina zuwa."