Yarinya Mai Jar Jaka

A ofishin kula da ɗalibai suka haɗu, ranar da masu digiri na biyu a fannin shari'a ke karɓar makullan ɗakunan karatu. Makulli ɗaya ya rage, su biyu suka miƙa hannu.

"Ni na riga ka," in ji ta.

"Ina hujja?" ya tambaya yana murmushi.

Matar da ke kula da ofishin, wadda kowa ke kira Anti, ta dube su ta saman tabarau. "Ku lauyoyi ba kwa gajiya. Ke safe, kai yamma. Ku ba ni wuri."

Haka Auta da Dogo suka raba tebur ɗaya da kujerar da ƙafarta guda ke rawa. Kafin zango ya ƙare, safiyar Auta ta fara kaiwa la'asar, yammar Dogo kuma ta koma farawa da hantsi. Anti ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Alƙaliyata, kin bar ƙamshin turarenki a kujera. Shafi ɗaya nake ta maimaitawa. Zan shigar da ƙara."

"Kotu ta kori ƙarar. Yi karatu, Dogona."

Da maganar aure ta isa gida, Baban Auta ya yi tsalle ya dire. Likita ne da ya yi ritaya, kuma akwai jiƙaƙƙa tsakaninsa da lauyoyi tun ranar da wani ya karanta sirrin majinyacinsa a bainar kotu. "Ke na haƙura da karatunki don jinina ce," ya ce. "Amma suruki lauya? Mutumin da bakinsa na haya ne?" Mama ta yi lallashi har ta gaji.

Ana cikin haka yarinya mai jar jaka ta bayyana.

Dogo yana aikin sa-kai a ofishin ba da shawarar shari'a kyauta na makarantar, inda ɗalibai ke kai kukansu. Yarinyar nan ɗalibar harhaɗa magunguna ce, kyakkyawa har abin ya ba Auta haushi. Auta ta gan su sun rufe ƙofar ofis. Ta gan su a tashar bas, shi riƙe da jakar. Wata ƙawa kuma, irin masu kawo labari da gishirinsa, ta ce ta gan su cikin gari, daga asibiti zuwa wani gini kusa da kotu.

"Wace ce?" Auta ta tambaye shi a ɗakin karatu, ko zama bai yi ba.

"Wadda nake wa aiki ce."

"Aikin riƙe jaka?"

"Auta, kin san ba zan iya faɗa ba. Amana ce."

Ta sani mana. Ita ta fi kowa maki a darasin ɗa'ar aikin lauya. Amma kishi bai zauna ajin nan ba. Abinci ya daina shigarta, kowace jar jaka a hanya sai ta sa gabanta faɗuwa. Idan wayarsa ta yi ƙara ya fita waje ya amsa, ji take kamar an watsa mata ruwan zafi.

Ta rubuta masa: "Ko ka faɗa min abin da ke tsakaninku, ko ka mayar wa Anti makullinta."

Amsa ta zo: "Ina son ki fiye da yadda bakina zai iya faɗa. Amma sirrin ba nawa ba ne, balle in ba ki. Na ajiye makullin."

Ranar ta koma gida ta faɗa jikin Mama tana kuka. Baba ya saurara daga falo, sannan ya ce a kira masa yaron.

Dogo ya zo ya durƙusa a gefen kafet. Auta ta laɓe a bayan labule.

"Magana ɗaya ce," in ji Baba. "Faɗa min matsalar yarinyar nan. Daga ni sai kai. In ka faɗa, na ba ka Auta yau."

Auta ta dafe ƙirji tana roƙon Allah ya faɗa.

"Baba, ka gafarce ni," Dogo ya ce. "Ba ni da burin da ya wuce Auta. Amma yarinyar nan ta shigo ofis tana kuka, na yi mata alkawari. Ba zan iya ba."

Ya miƙe zai tafi.

"Wa ya sallame ka? Zauna." Baba ya juya wajen labule. "Ke kuma fito, ina ganin ƙafarki. Wanda ya yarda ya rasa ki don ya rufa wa baƙuwa asiri, yaya kike ganin zai riƙe naki? Yaro, turo manyanka."

Auta ta fito tana share hawaye, kunya ta hana ta ɗaga kai. "Ka yafe min, Dogona," ta ce a hankali.

Ranar biki yarinyar ta zo da mahaifiyarta. Ta rungume amarya ta raɗa mata, "Yaya, mijinki ya tsaya min a lokacin da ba ni da kowa. Wata rana ni da bakina zan ba ki labari."

Da jama'a suka ragu, Auta ta matsa kusa da angonta. "To, yanzu ai na zama matarka. Ɗan ɓantaro min kaɗan daga sirrin nan."

"Ko ƙanƙani."

Ta harare shi, ta kai masa duka da gefen mayafi, dariya ta ƙwace mata. Daga bakin ƙofa Baba ya ɗaga hannuwa, Mama na gefensa tana goge ido.

"Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira," ya ce. "Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Duk ɗakin ya amsa da amin, muryar Auta ta fi ta kowa ƙarfi.