Ikilima a Ɗakin Gashi

A zauren gidansu da ke Morai Ikilima ta ce wa Hamma ya janye maganar aurensu. Saura wata biyu biki likita ya tabbatar ƙullutun wuyanta ciwon daji ne, ya rubuta mata gashin ciwon da na'ura sau talatin a Sakkwato.

"Mi na yi miki, Ikilima?"

"Ba ka yi komai ba... Inna ta ce duk wanda ya shiga ɗakin gashin nan ƙonewa yake yi. Kada ka jira wadda ba ta dawowa."

Ya hau babur ya nufi garinsu Bakura. Har ranar tafiya bai kira ba.

A asibiti wata ma'aikaciya mai suna Farida ta kwantar da ita, ta kifa mata wata ragar roba a fuska ta maƙale da gado. Ta ce kan na'urar zai riƙa zagaye ta yana auna ƙarin da ke wuyanta ta kowane ɓangare, don kada ya ɓata lafiyayyen nama. Babu wuta, babu zafi, kada dai ta motsa.

Kowa ya fita, ƙofa mai kauri ta rufe. Abin ya fara juyowa kanta yana gurnani. Ta ɗaga hannu tana kiran Inna har aka tsayar da shi.

Mahaifinta Malam Bawa na ganin yadda ta firgita ya ce su koma gida, akwai mai magani a Maradun. Farida ta roƙe shi, ta ce ƙarin ba ya jiran kowa.

Suna wannan ja-in-ja Hamma ya shigo da kawunsa. Ashe kwanakin nan yana can yana lallashin iyayensa su yarda da auren. Bayan doguwar gaisuwa kawun ya roƙi a ɗaura aure ranar Juma'a, don yaron ya yi jinyarta a matsayin miji.

"Ina jin tsoro, Hamma," Ikilima ta ce a hankali.

"Ni ma haka, masoyiya. Amma ki shiga, ina bakin ƙofa."

Malam Bawa ya dubi Hamma ya ce, "Na ba ka ita. Allah Ya sa ka kai ta ɗakinka da ƙafarta."

Ikilima ta share hawaye da bakin hijabi, ta miƙe ta bi Farida.